Littafin Na-Sani Mai Kilo Huɗu

Ranar da Na-Sani ya hau matattakalar ofishinmu da sikeli a kafaɗa, na san mun shiga uku.

Ƙanin matar maigidanmu mai kamfanin ne, kuma ita ce babbar takardar shaidar da ya zo da ita. Sunan daga bakinsa ya fito. Kafin ka kai ƙarshen magana ya tare ka da "na sani, na sani", ko da ce masa za ka yi rigarsa ta kama da wuta. Wata uku da zuwansa ya buga wa kansa kati mai ɗauke da "Daraktan Inganci", muƙamin da mu ma sai a jikin katin muka fara ganinsa.

Mu shida ne a hawa na biyu, saman shagon mai ƙusa da na tela. Sana'armu sayar da manhajar rumbun bayanai ga shagunan magani, inda suke zuba sunayen kaya da rassa da ranar da kowane magani zai lalace. Ni ce mai ɗaga wayar kwastomomi, wato ni ake zagi. Wadda ta gina rumbun kuwa Gwaggo ce, dattijuwa mai kujerar bakin taga, shekara goma sha biyu tana kai. Duk abin da ya ƙi, sai ka juya wajen taga ka ce "Gwaggo", ta faɗa maka ba tare da ta ɗago kai ba.

Ana haka wani babban kamfani mai rassa arba'in ya aiko mana da takarda. Suka ce su yanzu ba mutum ke taɓa musu rumbu ba, wakili ne, irin manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake ba aiki ta karanta ta aiwatar da kanta. Kamfanoni uku za su gwada. Za a ba wakilin littafin jagorar kowane kamfani, shi kaɗai, a ba shi ayyuka biyar. Wanda littafinsa ya isar da wakilin, shi ke da kwangila.

Littafinmu shafi goma sha tara ne, kuma rabin abin da ke ciki "a tambayi Gwaggo" ne.

"Ka ba ni wata biyu ba tare da an kira ni ba, in rubuta shi yadda ya kamata," in ji Gwaggo ga maigida. "Shekara shida ke nan ina roƙon haka."

"Wata biyu!" Na-Sani ya yi dariya har da dukan tebur. "Yaya, ni mako biyu. Auna ingancin littafi ilimi ne, ba tsufa ba. Ka bar min."

Bangon ofishin maigida katako ne, tari ma ana ji. Don haka duk mun ji abin da ya biyo baya da rana. Na-Sani ya ce da zarar littafinsa ya fito, duk abin da ke kan Gwaggo ya koma takarda, to zaman me za ta ci gaba da yi? Maigida ya yi gyaran murya ya ce idan gwajin ya yi kyau, sai a sallame ta cikin mutunci. Na kalli Gwaggo. Ta ci gaba da bugun madannai kamar ba ta ji ba, amma layi ɗaya ta rubuta ta goge sau uku. A shekarunta ba inda za ta kai takardar neman aiki ba a ce mata ta turo ɗanta ba. Raina ya ɓaci sosai, sai dai ɓacin ran mai ɗaga waya ba ya hana komai.

Washegari aka fara kimiyya. Na-Sani ya buga littattafan kamfanonin nan biyu abokan gasa, ya cinye tawadar da za ta kai mu wata uku. Sannan ya sauka ya aro sikeli. Mai ƙusa ya biyo shi har sama, don bai yarda sikelinsa ya yi tafiya ba rakiya ba.

Na farko ya ba da kilo biyu. Na biyu kilo uku saura kaɗan. Da aka ɗora namu, allurar ko motsi ba ta yi ba.

"Kun gani?" in ji Na-Sani. "Matsalarmu ke nan. Ba mu da nauyi."

"Darakta," in ji mai ƙusa, "shi wakilin nan ci zai yi ko karantawa?"

"Kai ƙusa ka sani."

"Haka ne. Amma ko ƙusa, mai saye yakan tambayi tsawonta."

"Na sani, na sani. Ka dawo nan da mako ɗaya."

Cikin mako ɗaya littafinmu ya yi ƙiba. Shafi sittin na farko tarihin kamfani ne, wanda hamsin daga ciki tarihin Darakta ne, har da gasar muhawarar da ya zo na biyu a makaranta. Ya ƙara girman haruffa. Ya sa hotonsa yana nuna kwamfuta da yatsa, ita kuwa a kashe take. Ya rubuta babi guda kan muhimmancin bayanai ga ɗan Adam. Mai ƙusa ya dawo, aka auna, kilo huɗu cif.

"Allah ya ƙara nauyi," in ji mai ƙusa. "Idan an gama a sayar min, ina neman abin tokare ƙofa."

Daga nan Darakta ya shiga mataki na biyu, wanda ya kira tace harshe. Ya ƙirƙiro jadawalin maki. Duk jimlar da ta nuna ƙarfin gwiwa maki biyar ce. Duk inda aka ce "kada", a cire maki goma, don a cewarsa kamfani mai daraja ba ya tsorata kwastoma. Ya bi shafuka goma sha taran nan na Gwaggo ya kakkaɓe kowane "kada" da jimlar da ke ɗauke da shi. Duk inda ya tarar da "a tambayi Gwaggo" ya goge, ya sa "kamar yadda kowa ya sani". Na ƙirga da kaina, sau arba'in da bakwai.

"Darakta," na ce, "wane ne kowa?"

"Ke dai ba kya ciki. Ɗaga wayarki, tana ƙara."

Gwaggo ta yi magana sau ɗaya. "Gargaɗin da ke kan share reshe, ka mayar da shi. Idan ba a sa lambar reshe ba, duka yake sharewa."

"Na sani, Gwaggo, na sani. Irin wannan tsoron ne ya sa littafinki bai motsa allura ba."

Mataki na uku shi ne gwaji. Na ce mu nemi wakili na gaske mu ba shi littafin mu gani, ai akwai su. Ya dube ni da tausayi. Ya ce me zai yi da wakilin haya, alhali ya fi kowace na'ura sanin yadda na'ura ke tunani? Ya fito da baƙin tabarau daga aljihu.

"Idan na sa wannan, ni ne wakili. Ban san komai ba sai abin da ke cikin littafi."

"Rashin sanin komai ɗin dai ba ya buƙatar tabarau," in ji tela, wanda ya hawo da almakashinsa a hannu, don labari ya riga ya sauka ƙasa.

Na-Sani ya sa tabarau, ya sandare wuya, ya koma magana da hanci. "Wakili ya fara aiki. Wakili yana karanta shafi na ɗari biyu. Wakili zai saka kwanan wata." Ya kai hannu ga madannai. Yatsunsa suka tsaya a sama. Sai ya zare tabarau ya juya wajen taga.

"Gwaggo, rana ake fara sawa ko wata?"

"Shekara, sannan wata, sannan rana."

Ya mayar da tabarau. "Wakili ya gano da kansa. Maki ɗari."

Haka aka yi kwana uku. Ya sa, ya maƙale, ya cire, ya kira Gwaggo, ya mayar, ya ba kansa maki. Tela ya daina ɗinki, ya kawo kujerarsa. Shi da mai ƙusa suka riƙa ƙirga cirewar da ƙarfi, kamar masu kallon wasa. Ranar farko talatin da ɗaya. Rana ta biyu ƙafar tabarau ta karye, aka ɗaure da zaren tela.

Na tare Gwaggo a wajen tafasa shayi. "Me ya sa kike ba shi amsa? Ramin da za a binne ki yake haƙa, ke kuma kina miƙa masa shebur."

"Shekara goma sha biyu bakina ya saba," ta ce. "Kafin in tuna, ya riga ya amsa."

Amma da yammar rana ta uku ta ce masa a gaban kowa, "Darakta, ka tuna ranar gwaji ba na cikin littafin."

"Na sani," ya ce, yana rubuta sakamako da jan biro. Ɗari bisa ɗari. Ya manna a ƙofa, ya ɗauki hoto da shi.

Ranar gwaji da safe, Na-Sani ya shawo kan maigida cewa ganin tsohuwa a bakin taga zai sa baƙi su ɗauka kamfanin tsohon yayi ne. Aka ce Gwaggo ta ɗan huta yau. Kowa ya fahimci irin hutun. Ta kwashe kofinta da maganin ciwon wuyanta da 'yar tukunyar furenta a kwali, ta sauka. Na raka ta bakin matattakala, na kasa haɗa ido da ita.

Ƙarfe goma injiniyar babban kamfanin ta iso, mace marar yawan magana, da mutum biyu a bayanta. Ta haska allon kwamfutarta a bango. Ta ce sun kwafi bayanan rassansu arba'in sun zuba a manhajarmu, aikin mako guda, kuma a kai za a yi gwajin. Tela da mai ƙusa suka tsaya a bakin ƙofa, wai sun zo duba sikeli.

Na-Sani ya yi jawabin minti ashirin. Ya dire littafin a tebur har kofuna suka yi tsalle. Injiniya ta ce kwafin kwamfuta kawai take so. Ta ba wakilin, ta ce duk abin da ya rubuta za ta karanta mana.

Bai yi minti ɗaya ba ya gama karatu. Ta karanta da murya ɗaya, ba hawa ba sauka: "Na karanta shafi ɗari huɗu da shida. Shafi goma sha ɗaya ne suka shafi aikin. Ina taya Darakta murnar zuwa na biyu a gasar muhawara."

"Kun ji?" in ji Na-Sani. "Ya san mutane."

Aiki na farko, a saka sabon magani. Wakilin ya rubuta: "Littafin ya ce a saka kwanan wata kamar yadda kowa ya sani. Ni ban sani ba. Wane tsari ake bi?"

"Ƙa'ida ita ce littafi kaɗai," in ji injiniya. "Amma tunda marubucin yana nan, bismillah."

Na-Sani ya gyara tsayuwa. An faɗa masa wannan amsar sau huɗu a gabana. "Rana, wata, shekara," ya ce da ƙarfin gwiwa mai maki biyar.

Rumbun ya ƙi karɓa. Ya ce wata, rana, shekara. Ya ƙi. A karo na uku ya dace, don ba sauran abin da ya rage.

"Wakili ya gano da kansa," in ji tela daga bakin ƙofa.

Aiki na biyu da na uku suka tafi a haka. Wakilin ya yi ta cin karo da abin da kowa ya sani, yana tambaya cikin ladabi, Darakta yana harbi a duhu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Maigida ya fara kallon silin kamar yau ya fara ganinsa.

Aiki na huɗu, a share reshe na bakwai, wanda aka rufe. Wakilin ya daɗe kaɗan, sannan injiniya ta karanta: "Misalin da ke littafin ba shi da wurin sa lambar reshe, kuma ba gargaɗi a kai. Ina tsoron idan na bi shi zai share rassan duka. Ba na so in ci gaba sai an tabbatar min."

Ni da na san abin da aka goge a wurin, na buɗe baki. Na-Sani ya ɗaga min hannu.

"Wa ya rubuta littafin, ni ko shi? Wannan na'urar taku matsoraciya ce. Da tana cikin jadawalina, maki goma zan cire mata. Ki ce ya bi misali."

"Ka tabbata?"

"Hajiya, littafin nan ɗari bisa ɗari ya ci. Ga shi can a ƙofa."

Injiniya ta rubuta masa cewa marubucin ya tabbatar. Wakilin ya bi misali. A bango muka ga jerin rassa arba'in, sai muka ga farin bango.

Mai ƙusa ne ya fara magana, a hankali. "To, na bakwai ɗin dai ya tafi."

"Ba komai," in ji injiniya, ko gira ba ta ɗaga ba. "Dama aiki na biyar shi ne dawo da bayanai idan sun ɓace. Aikinmu na mako guda ne a ciki. Mu ga abin da littafi ya ce."

Wakilin ya rubuta: "Babin dawo da bayanai jimla ɗaya ce. Ta ce wannan abu ne mai sauƙi, kamar yadda kowa ya sani."

Idanu duka suka koma kan Darakta. Ya buɗe littafin, ya rufe. Ya laluba aljihu ya ciro baƙin tabarau mai ɗaurin zare ya sa, wataƙila don ya yi tunani irin na na'ura. Ya kalli farin bangon ta cikinsa. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya zare tabarau, ya juya wajen taga.

"Gwaggo..."

Kujera ce kawai, da zagayen da tukunyar fure ta bari a kan tebur.

"Ɗaya," in ji tela.

"Wace ce Gwaggo?" injiniya ta tambaya.

Maigida ya kalli Na-Sani, Na-Sani ya kalli littafinsa, don haka na ce, "Ita ce kowa. Duk inda kika ga kowa ya sani, ita ce ta sani."

"Tana ina?"

"Tana shagona," in ji tela. "Tun safe take zaune tana ɓalle min maɓallan tsofaffin riguna. Ta ce ba ta iya komawa gida da rana tsaka, maƙwabta za su tambaya."

Maigida da kansa ya sauka. Mu kuma duk muka bi shi, har baƙin. Muka same ta a kan benci da kwalinta a gefe.

"Gwaggo, don Allah ki taimaka," in ji maigida.

"Ai ina hutu."

"An soke hutun."

"Ga Darakta nan. Ya sani."

Maigida ya juya ya kalli ƙanin matarsa. A gaban tela da mai ƙusa da baƙi da masu wucewa, Na-Sani ya ce da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin yana da ita ba, "Ban sani ba."

"A rubuta kwanan wata," in ji mai ƙusa. "Shekara, sannan wata, sannan rana."

Gwaggo ta hau sama ba ta yi sauri ba. Ta mayar da furenta kan zagayensa, ta zauna, ta buga layi huɗu. Rassa arba'in suka dawo bango. Injiniya ta ce manhajar tana da kyau, littafin ne babu. Ba za ta ba mu kwangila ba, ba kuma za ta hana mu ba. Ta ba mu wata biyu mu kawo littafin da wakilinta zai iya bi ba tare da taga ba.

"Wata biyu," in ji Gwaggo, tana kallon maigida. "Kamar na taɓa jin wannan lissafin." Sannan ta faɗi sharuɗɗanta. Takardar sallamar da ke cikin durowarsa a yaga ta a gabanta. Kada a kira ta a waya. Kuma a ba ta Darakta.

Aka yaga, aka ba ta.

Yanzu ga yadda ake auna ingancin littafi a ofishinmu. Gwaggo ta rubuta shafi ɗaya, ta miƙa wa Na-Sani, a sa shi a ɗakin ajiya da kwamfuta mai bayanan gwaji, a ja ƙofa. Duk lokacin da ya ƙwala "Gwaggo!", ba ta amsawa. Biro take ɗauka ta ja layi, ta san akwai abin da shafin bai faɗa ba. Ta ce idan shi ya gane, ba na'urar da za ta kasa. Shi kuwa ya buga sabon kati, ya gaya wa mai ƙusa cewa yanzu ba shafin da ke fita sai ya bi ta hannunsa. Mai ƙusa ya ce wannan karon gaskiya ya faɗa. Littafin kilo huɗun yana ƙarƙashin allon kwamfutar Gwaggo, ya ɗaga mata shi daidai ido, ciwon wuyanta ya yi sauƙi.

Jiya a shafi ɗaya ya kira ta sau goma sha ɗaya. Na ce, "Gwaggo, a haka yaushe za a gama?"

Ta ja layi na goma sha ɗaya, ta kurɓi shayinta. "Ke dai ki yi masa addu'ar tsawon rai," ta ce. "Muddin yana cikin ɗakin nan, ba mai sallamata."